Obahitin a Kan Tafkin Inari

Saura kamar mako guda a ɗauki azumin 2022 muka bar garin Oulu na ƙasar Finlan, ni da wani abokin karatuna ɗan Finlan da ya daɗe yana min alkawarin zai kai ni garin kawunsa in ga arewa ta gaskiya. Jirgin ƙasa ya sauke mu a Rovaniemi, daga nan zuwa Inari kuwa babu dogo, sai mota. Muka shiga bas muka miƙa, muka ƙetare layin Aktik da ke bakin garin, muka wuce Sodankylä da Saariselkä da Ivalo, wajen awa biyar muna abu ɗaya. Tun ina kallon itatuwa ta taga har barci ya kwashe ni. Da na farka sai na ga allunan hanya sun fara ɗaukar suna fiye da ɗaya. Abokina ya ce mun shigo ƙasar Samawa, wato ƙabilar Sami 'yan asalin yankin, kuma a gundumar Inari harsuna huɗu ne na hukuma: Finlanci da harsunan Sami guda uku.

Abin da ya fara haɗa ni da dattijon shi ne sunan da abokina yake kiransa da shi, wato eno. Na tambayi ma'anarsa, ya ce ɗan'uwan uwa ke nan, ɗan'uwan uba kuwa setä ake ce masa. Na ce ashe ku ma kun raba kawu da baffa. Daga ranar ni ma na koma kiransa Kawu, da aka fassara masa ya gyaɗa kai, ya ci gaba da hura wutarsa. Mutum ne da ya haura saba'in, masunci, ga ƙarancin magana kamar ana sayar masa da ita. Yana da 'yan dabbobin nan da suke kira poro, masu kama da gwanki da ƙaho reshe-reshe, waɗanda kowane mai su ke yi wa tsaga a kunne don a gane nasa. Da rawar kaina na tambaye shi guda nawa gare shi. Abokina ya taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Ashe yadda ba ka tambayar Bafulatani yawan shanunsa, haka abin yake a nan. Kawu ya kurɓi kofinsa ya ce yana da wasu a wannan gefen bishiya, wasu kuma a wancan gefen.

Shirin shi ne mu kwana biyu a kan tafkin Inari muna kamun kifi. Tafki ne da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, shi ne na uku a girma a ƙasar, da tsibirai sama da 3,000, kuma a watan Maris duk ya daskare ya zama fili. Abin hawa a irin wannan wuri shi ne moottorikelkka, ko kelkka a taƙaice. Ni dai babur ɗin ƙanƙara nake ce masa. Gabansa takalma biyu ne dogaye masu sulɓi, bayansa kuma bel ne na roba mai haƙora, irin ƙafar katafila, wanda ke juyawa a ƙarƙashin wurin zama yana tura shi gaba. Wani mutumin Kanada, Joseph-Armand Bombardier, shi ya fitar da ƙaramin samfurin da duniya ta sani a 1959, kuma tun farkon shekarun 1960 makiyayan wannan yanki suka fara ajiye sandunan sulu suna bin dabbobinsu da shi. Yau har masana'antarsa akwai a Rovaniemi.

Babura biyu ne a rumfar Kawu. Nasa tsoho ne mai faɗin bel, fanka ce ke sanyaya injinsa, yana jan akwatin kaya a baya. Ɗayan na abokina ne, ya saye shi na hannu, mai sanyaya inji da ruwa, ya fi ƙarfi, ya fi kyan gani, kuma yana ta alfahari cewa satin da ya wuce ma da hannunsa ya juye tsohon ruwan injin ya zuba sabo. Na ji maganar ta wuce ta bayan kunnena.

Ni dai a garejin babura na tashi. Kawuna na jini bakanike ne a wajen Ƙofar Ruwa a Kano, kuma tun ina firamare nake wanke masa kafireto da fetur a cikin gwangwanin madara, har zuwa lokacin da aka hana acaɓa a 2013 aiki ya koma kan A Daidaita Sahu. Don haka da aka ce ni zan tuƙa na abokina, shi ya zauna a baya, ban ji ɗar ba. Totur ɗin ma da babban yatsa ake danna shi, babu giya, babu kuloci. Na ce wannan ai wasan yara ne.

Mun fita da hantsi, sanyi digiri 14 ƙasa da sifili, sama tas babu gajimare. Kwana biyu kafin zuwanmu an yi rana mai ɗumi, saman dusar ƙanƙarar ya narke, dare ya yi ya sake daskarewa, iska kuma ta share abin da ya rage. Hanyar da aka kafa wa sanduna a kan tafkin ta zama kamar daɓen siminti, wani wurin ma ƙanƙara ce zalla, baƙa, kana hango tsagarta har can ciki. Doka ta yarda a yi gudun kilomita 80 a awa a kan ruwan da ya daskare, amma Kawu da akwatin kayansa bai fi 25 ba, mu kuma muna biye da shi kamar raƙumi da akala. Muka hango Ukonsaari, tsibirin dutse mai tsini da ke wajen kilomita 11 daga ƙauyen Inari, wanda Samawan Inari suka ɗauka wuri mai tsarki tun zamanin da. Kawu bai tsaya ba, hannu kawai ya ɗaga ya nuna mana.

Ba mu yi nisa da wuce shi ba na fara jin wari. Ƙaurin roba ne, irin na bokitin da aka ajiye kusa da murhu. Kafin in juya in yi magana jar fitila ta kama a gabana, wani abu ya fara ƙara ɗit-ɗit-ɗit, babur ɗin kuma ya yi sanyin jiki, ina danna totur yana ƙin ɗauka. Abokina ya buga min kafaɗa ya ce in kashe.

Na kashe. Shiru ya rufe mu, irin shirun da har bugun zuciyarka kake ji. Na buɗe murfin gefe, zafi ya daki fuskata, alhali gashin hancina a daskare yake. Obahitin, a nan, a tsakiyar wannan farin fili. Abin da jikina ya saba shi na fara yi: neman lagireto. Na duba gaba, na duba gefe, babu. Sai wata 'yar gorar roba mai murfi da tiyo biyu suka shiga. Na kai hannu zan murɗe murfin ke nan, sai na ji an riƙe min wuyan hannu. Ban ma san Kawu ya juyo ba. Bai ce komai ba, ya dai nuna min bayan hannunsa na hagu, inda wani tsohon tabon ƙuna ya kwanta fari. Kunya ta kama ni, domin wannan ai karatun farko ne a garejinmu, ba a buɗe murfin ruwa inji na tafasa. Na sani sarai. Ruɗewa ce.

Ya ja ni bayan babur ɗin, ya sa na durƙusa na leƙa saman bel ɗin, ƙarƙashin wurin zama. Can sai na ga wasu faifan alminiyom dogaye masu ƙirga-ƙirga, manne da rufin ramin da bel ke juyawa a ciki. Lagireton ke nan. Ruwan inji yana zagayawa ta cikinsu, amma ba iska ce ke sanyaya su ba. Bel ɗin ne in yana gudu yake kwaso dusar ƙanƙara yana watsa musu, tana narkewa tana tafiya da zafin. Na shafa su, a bushe suke ƙayau. Tun da muka hau tafkin babu abin da bel ɗin ya samu ya kwasa. Mun yi ta tafiya a kan ruwa daskararre mai kaurin da zai ɗauki mota, injin kuma yana mutuwa da ƙishirwa.

Ƙaurin robar ma daga nan yake. Bel ɗin yana gogar wasu dogayen sandunan roba ne da ke ƙasan ƙarafan da suka riƙe shi, kuma dusar ƙanƙara ce man shafawarsu. In babu ita sai su yi zafi su fara narkewa, wani lokaci har su manne da bel ɗin in aka tsaya. Shi ya sa Kawu ya sa muka ɗaga bayan babur ɗin muka sake shi sau biyu kafin ya huce.

Sai ya fara lissafa mana laifuffukanmu da yatsa, abokina yana fassarawa kansa a ƙasa. Mutum biyu a kan babur ɗaya, nauyi. Tafiyar hawainiya, wadda ba ta ba bel ƙarfin watsa komai. Mu a gida mukan ce sannu ba ta hana zuwa, to a nan tana hanawa. Haƙoran bel ɗin dogaye ne, an yi su don dusa mai zurfi, a kan daɓe sai su ɗaga babur ɗin sama su hana shi taɓa ɗan garin da ke ƙasa. Ga labulen robar da ke rataye a can baya, wanda aikinsa ya tare dusar da bel ya watso ya mayar da ita ciki, wanda ya sayar da babur ɗin ya yanke rabinsa don gayu. Na tuna samarin unguwarmu da ke cire madubi da murfin sarƙa daga sabon babur wai don ya yi kyau. Ashe ko'ina akwai su.

Na ƙarshe shi ya fi ba Kawu haushi. A gefe biyu na ƙarafan bel akwai wasu 'yan sanduna masu sifirin da baki mai ƙarfi, waɗanda ake saukewa su riƙa ƙartar ƙanƙara suna tayar da gari zuwa cikin ramin. An yi su ne musamman don rana irin wannan. Na hagu yana nan a maƙale a sama, ba a sauke shi ba. Na dama kuwa guntu ne kawai ya rage, domin irin masu sifirin ɗin nan in ka manta ka yi ribas suna ƙasa, karyewa suke. Abokina ya ce shi bai san ranar da ya karye ba. Kawu ya dube shi ya kau da kai.

Maganin gaggawa mai sauƙi ne. Muka tura babur ɗin zuwa bayan wani ɗan tsibiri inda iska ta tara dusa mai laushi, muka riƙa ɗiba da hannu muna cusawa cikin ramin, muna labtawa a kan matakan ƙafa da bayan wurin zama. Ta gaba, kusa da inji, tana sauka tana yin tsuwwa tana zama ruwa. Wadda na labta a can baya kuwa tana nan zaune abinta fara tas. Na gani da idona, amma hankalina bai tsaya a kai ba. Bayan kamar minti ashirin fitilar ta mutu. Abokina ya koma kan akwatin kayan Kawu, aka sauke maƙarcin hagu, aka ce in riƙa wuce su da gudu, in bi gefen hanya inda dusa take, in ga tudun gari in kutsa ciki, sannan in jira su a gaba.

Wannan tuƙin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Garin ƙanƙara na tashi a bayana kamar ƙurar Disamba a hanyar Ɗambatta, rana tana walƙiya a cikinsa. Na yi ta kewaya tsibirai ina dawowa.

Sai fitilar ta sake kamawa. Wannan karon kuwa ina tsakiyar dusa mai laushi har gwiwa.

Da suka iso, Kawu ya leƙa ramin ya ga a jiƙe yake sharkaf, ya yi shiru. Babur ɗinsa na fanka ne, shekara da shekaru bai haɗa hanya da ruwan inji ba. Abokina ya fara maganar gasket ya ƙone, a kira wani ya zo ya ja mu. A nan ne muryar Kawuna na Kano ta faɗo min, yadda yake cewa in an kawo masa inji ana ta surutu a kansa: ku yi shiru ku taɓa shi, shi ba ya ƙarya.

Na cire safar hannu. Kan injin ba ya taɓuwa. Tiyon da ya fito daga gare shi da zafi. Na bi shi da hannu har inda ya shige ƙasa, na zagaya baya na zura hannu na dafa faifan alminiyom ɗin. Sanyi ƙalau, har yatsuna suna neman mannewa. Sai dusar nan da ta ƙi narkewa ɗazu ta dawo min. Ruwan ba ya zagayawa. Ko duk dusar Lafland, wato wannan yanki na arewa, za ka watsa wa faifan, in ruwan zafi bai iso cikinsu ba aikin banza ne.

Abu uku ke hana ruwa zagayawa: famfon ruwa ya lalace, ko tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, ya ƙi buɗewa, ko iska ta shiga ta tsaya a hanya. Na fara kawar da maganar gasket. Hayaƙin da yake fitarwa ba fari mai kauri ba ne, ba shi da ƙanshin zaƙi-zaƙin nan na ruwan inji, kuma babu ɗigon kore ko ɗaya a kan farar dusar da ke ƙarƙashinsa, wadda da akwai yoyo da ta tona asiri nan take. Na juya na tambayi abokina, ran da ya sauya ruwa, ya fitar da iska? Ya ce wace iska? Ya ce shi dai ya zuba har gorar ta cika ya rufe.

Muka jira injin ya huce sosai. Kawu ya hura wuta a bakin tsibirin ya ɗora baƙar butarsa ta kofi, ni kuma na narka dusa a murfin tukunya na yi alwala, na yi azahar da la'asar a kan fatar poro. Ban taɓa yin alwala da sauri irin ta ranar ba. Da na dawo na nannaɗe murfin gorar da tsumma na murɗe a hankali. Ruwan ya yi ƙasa sosai da layin da aka zana.

Hanyar ruwan wannan babur doguwa ce, daga inji a gaba har ƙarshen wutsiya ta dawo, kuma kusan a kwance take, don haka iska tana samun wurin laɓewa. Dabarar ita ce a sa bakin gorar ya zama shi ne wuri mafi tsawo. Muka ja gaban babur ɗin muka ɗora shi kan gangaren tsibirin, hancinsa yana kallon sama. Kawu ya tono wata jarka daga ƙasan akwatinsa, ruwan inji ne na tarakta da aka riga aka gauraya rabi da rabi. Na tambayi launinsa da irinsa, domin ba kowane ake haɗawa da wani ba, aka ci sa'a iri ɗaya ne. A Kano da ruwan leda zan tsiyaya in wuce. A nan ruwa zalla kafin asuba ya zama dutse ya fasa injin.

Na cika gorar, na tayar da injin murfi a buɗe, na kama babban tiyon ina matsawa ina saki kamar mai tatsar saniya. Da fari babu komai. Can sai ga kumfa ɗaya ta taso, ɓul. Sai wata. Sai gorar ta yi wani gurnani, ruwan ya zurare ƙasa gaba ɗaya kamar an zuƙe shi. Na ƙara. Ya sake zurarewa. Na sa abokina ya tsuguna a baya hannunsa a kan faifan, na ce kada ya ɗaga sai ya ji wani abu. Muna nan, ina ɗan taɓa totur kaɗan-kaɗan, sai ya yi ihu da Finlanci. Ɗumi ya iso. Famfo lafiya lau, tamostat lafiya lau. Kusan rabin lita injin ya sha kafin ruwan ya tsaya a kan layi, kumfa ta ɗauke.

Kawu ya zo da kansa ya cire safa ya dafa faifan, ya daɗe hannunsa a wurin. Sannan ya ɗauko kofinsa na katako, wanda suke kira kuksa, ya cika da kofi ya miƙo min. Abokina ya raɗa min cewa shi tun yana yaro bai taɓa shan komai a wannan kofin ba.

Mun kwana a ɗaya daga cikin bukkokin katakon da ke dazukan ƙasar, waɗanda ba a kullewa kuma ba a biya. Ka'idarsu ita ce wanda ya iso a ƙarshe shi ya fi haƙƙin wuri, kuma kada ka tafi sai ka faskara itace ka ajiye wa na bayanka. Muka huda ƙanƙara muka zura ƙugiya, ni ban kama ko ɗaya ba, Kawu ya ciro farin kifin da suke kira siika guda huɗu, muka gasa da gishiri. Wajen sha ɗayan dare abokina ya tashe ni in fito in ga hasken nan kore da ke rawa a sama. Na gani, na yi tasbihi, minti biyar sanyi ya koro ni ciki.

Da safe aikin gareji muka yi. Kawu ya yanko wani yanki daga tsohuwar tabarmar roba da ke shimfiɗe a akwatinsa, muka huda da wuƙa muka ɗaure shi da waya a jikin guntun labulen baya har ya kusa taɓa ƙasa. Maƙarcin dama kuwa, na samu wani dogon noti a cikin kayansa, na ɗaure shi a guntun sifirin ɗin da ya rage, bakinsa yana jan ƙasa. Ba kyau, amma yana tayar da gari. Na ce wa abokina in mun koma ya sayi irin na igiyar ƙarfe, wanda ko an yi ribas lanƙwashewa yake ba ya karyewa, ya sauya sandunan robar da suka ci wuta jiya, ya kuma sayi sabon murfin gora, domin in sifirin ɗin murfi ya saki ruwa yakan tafasa da wuri. Ya rubuta a wayarsa. Na sake duba ruwan da inji yake a sanyaye, ya ɗan sauka kaɗan, na cike.

A hanyar dawowa mun sake bin wannan daɓen na baƙar ƙanƙara, wurin da aka yi abin jiya. Idona rabi a hanya rabi a kan fitila. Notin yana ƙara ƙirrr a bayana, na waiga na ga farin gari yana shiga ƙarƙashin wurin zama ta gefe biyu. Da muka tsaya daidai Ukonsaari don Kawu ya gyara igiyar kayansa, na sauka na zura hannu ƙarƙashi. Faifan da ɗumi, ruwa yana ɗiga daga jikinsu yana daskarewa a kan bel.

Da daddare na kira Kawuna na Kano ta bidiyo na ba shi labari tun daga farko. Yana zaune a kan benci a ƙofar gareji, ana zafin Maris, yana fifita da kwali. Ya saurara har na gama, sannan ya ce in juya wayar in nuna masa notin da na ɗaura. Na fita rumfa da tocila na haska masa. Ya matso da fuskarsa ya ƙura ido, ya ce wayar da na ɗaure da ita ta yi siriri, in ninka ta biyu kafin in bar garin.